Ladanin da Sujada Ta Gagara: Yadda Sikanin Ya Gyara Mana Atisayen Numfashi

Ina aiki a sashen gashi na wani asibiti a cikin garin Kaduna, sashen da ma'aikata ke kira fisiyo. Abin da zan kawo labarin mara lafiya ɗaya ne, tun daga faruwar ciwonsa har inda muka tsaya, tare da alkaluman da muka auna a hanya. Ba zan ambaci sunansa ba.

## Mafarin ciwo: Nuwamba

Magidanci ne ɗan shekara 54, tela a Kasuwar Barci da ke Tudun Wada, kuma shi ne ladanin wani ƙaramin masallacin unguwarsu fiye da shekara ashirin. Bai taɓa shan taba ba, ba shi da asma, hawan jini kaɗai yake shan magani a kai. A mako na biyu na Nuwamba, hunturu ya fara sauka ke nan, zazzaɓi da tari suka kama shi. Kwana biyar yana shan maganin maleriya daga kemis, a rana ta shida numfashi ya sarƙe, aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti. Nimoniya ce ta kama huhu biyun. Aka shigar da shi sashen kulawa ta musamman, wanda jama'a ke kira gobe-da-nisa, aka zura masa bututu ta baki, inji ya yi ta numfashi a madadinsa har kwana 9. Bayan an cire bututun ya ƙara kwana 12 a ɗakin maza.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya san tantanin nan mai faɗi da ya raba ƙirji da ciki: huhu da zuciya a samansa, hanta da tumbi da hanji a ƙasansa, gefensa jan nama, tsakiyarsa fari kamar leda. A asibiti dayafuram muke ce masa, a nan kuwa zan kira shi tantanin numfashi. Shi ne ke ɗaukar mafi yawan aikin jan numfashi. In mutum zai shaƙi iska sai tantanin ya tsuke, ya yi kauri, ya sauka ƙasa ya danne kayan ciki, wuri ya buɗe a ƙirji, iska ta shiga. Shi ya sa cikin jariri ke tasowa yana sauka in yana barci. Umarnin motsi yana zo masa ta wata jijiya da ta taso tun daga wuya, daga gaɓa ta 3 zuwa ta 5.

Naman da tun ranar haihuwa bai taɓa hutawa ba, in inji ya karɓe masa aiki, ramewa yake da sauri. Wani bincike da Sanford Levine ya jagoranta a Amurka, aka wallafa a 2008, ya nuna cewa sa'a 18 zuwa 69 kacal a kan inji, tantanin ba ya motsi, sun isa zaruruwan naman su ƙanƙance. Ewan Goligher da abokan aikinsa a Toronto ta Kanada sun bi marasa lafiya da sikanin a kai a kai, a 2015 suka ba da rahoton cewa kashi 44 cikin 100 nasu kaurin tantaninsu ya ragu da fiye da kashi 10 a makon farko a kan inji. Namu mara lafiyar kwana 9 ya yi.

## Wata guda a gida: Disamba

An sallame shi a makon farko na Disamba bisa cewa huhu ya washe. Abin da ya tarar a gida daban ne. Kwanciya rigingine ta gagara; da bayansa ya taɓa katifa sai ya ji kamar an ɗora masa buhun masara a ƙirji, ya zabura ya tashi zaune. Uwargidansa ta jera masa filo uku, daga baya ya koma kwana a kujerar falo. Tsayuwar sallah ba ta ba shi wahala sosai, amma da ya sunkuya ruku'u numfashi zai fara yankewa, a sujada kuwa ko tasbihi uku ba ya kaiwa. Ya koma sallah a zaune. In ya ci tuwon dare ya ƙoshi, abin ya ninka. Sau ɗaya ya gwada kiran sallar La'asar, murya ta tsinke masa a tsakiyar kalmar shahada, wani matashi ya ƙarasa. Daga ranar bai sake tsayawa gaban lasifika ba.

An gwada abubuwa da dama. Mai kemis ya ba shi inhela irin ta masu asma, ya shaƙa mako biyu, babu canji sai bugun zuciya da rawar hannu. A gida an haɗa masa zuma da habbatussauda, an yi sirace safe da yamma. Maƙogwaro ya yi daɗi, kwanciya dai ba ta samu ba. Wani maƙwabci ya kawo shawarar hura balan-balan, ya yi ta hurawa har kumatu suka yi tsami. Hura balan-balan naman fitar da iska yake wa aiki, shi kuwa matsalarsa a wajen shigar da ita take. Akwai kuma robar nan mai ƙwallaye uku da aka ba shi ranar sallama. Yana ɗaga ƙwallo biyu, amma da fizgar iska ta saman ƙirji yake yi, kuma robar ba ta da wani nauyi da tsoka za ta yi kokawa da shi.

A ƙarshen wata ya koma wurin likitansa. Hoton ƙirji ya nuna nimoniyar ta tafi, sai dai ƙasan huhun bai buɗe sosai ba. Gwajin tarin fuka bai nuna komai ba, sikanin ɗin zuciya ya fito lafiya. Daga nan aka turo shi wurinmu.

## Awon farko: makon farko na Janairu

Babban ɗansa ne ya kawo shi a Keke Napep, da rawani naɗe har hanci saboda ƙura. Tun kafin mu ɗauko wata na'ura, labarinsa ya nuna inda za mu duba. Haki da ke tsananta a kwance, a sunkuye da bayan ƙoshi, a ce kuma zuciya lafiya lau, galibi tantanin ne ya yi rauni. A tsaye nauyin kayan ciki yana ja ƙasa, ya sauƙaƙa masa aiki. A kwance ko a sujada kayan cikin kan turo shi sama, in ba shi da ƙarfin maida su sai huhu ya matse.

Iskar oksijin a jininsa kashi 96 cikin 100 ce a zaune, ta sauka 91 bayan minti biyu a kwance. Iskar da zai iya hurowa gaba ɗaya lita 2.6 a zaune, lita 1.9 a kwance, ragin kashi 27 cikin 100 ke nan, alhali mai lafiya ba kasafai nasa ke wuce kashi 10 ba. A tafiyar minti shida ya ci mita 270, ya tsaya sau biyu. Na ce ya ja numfashi ya riƙe sautin "aaa" iya ƙarfinsa, ya kai daƙiƙa 7. Sai awon ƙarfin zuƙa: mutum ya fitar da iska duka, a toshe masa hanci, ya zuƙi wani bututu rufaffe da iyakar ƙarfinsa. Ana lissafa shi da santimita na ruwa, wato tsawon da zai iya zuƙo ruwa sama a siririn bututu. Wanda ya kai 80 da wuya a ce yana da raunin da zai dame shi. Malam ya ba mu 38.

Sashenmu ba shi da na'urar sikanin tasa. Ta ɗakin awon ciki muke aro bayan Azahar, in masu juna biyu sun watse. Da muka shiga ɗakin ya dubi hotunan jarirai a bango ya ce, "Likita, ni kuma sikanin? Ai na ɗauka na mata ne." Na ce masa na'urar duk wani nama mai laushi tana gani, kuma ba ta da hasken eksire, ko sau nawa aka maimaita babu cutarwa.

Kallo biyu ake yi. Na farko da kan na'ura miƙaƙƙe, mai ganin abin da ke kusa da fata dalla-dalla. Ana ɗora shi a gefen ƙirji, ƙasa da hammata, tsakanin haƙarƙari na 8 zuwa na 10, inda tantanin ke manne da bangon ƙirji. A allo za a ga layuka biyu farare, na sama rigar huhu, na ƙasa rigar ciki, baƙi-baƙin da ke tsakaninsu shi ne naman. Ana auna kaurinsa bayan fitar da iska, a sake aunawa a ƙarshen shaƙa, a raba bambancin da kaurin farko. Ƙarin kaurin da bai kai kashi 20 cikin 100 ba alamar rauni mai tsanani ne ko shanyewa. Na Malam a dama milimita 1.6 ne a hutu, 1.9 in ya cika ƙirji, ƙarin kashi 19.

Kallo na biyu da kan na'ura mai lanƙwasa, wanda ake duba jariri da shi. Ana sa shi ƙarƙashin haƙarƙarin dama, a leƙa ta cikin hanta a ga yadda tantanin ke sauka da hawa. Alain Boussuges da abokansa a Faransa sun auna masu lafiya a 2009, suka sami matsakaicin santimita 1.8 ga maza a numfashin hutu, 7 a numfashi mai zurfi, kuma ƙasa da 4.7 ya fita daga ma'aunin lafiya. Malam ya ba mu 1.1 da 2.9. Ɓangaren hagu yakan yi wuyar gani, domin saifa ƙarama ce kuma iskar tumbi tana tare hoto. Mun dai tabbatar yana sauka ta inda ya dace. Tantanin bai shanye ba, ramewa ya yi.

## Mako na 1 zuwa na 3: alkalumma na hawa, mutum na nan

Ɗansa ya yi odar robar atisaye daga Legas, samfurin Threshold IMT. Bututu ne mai sifirin a ciki, wanda ba ya barin iska ta wuce sai an zuƙa da ƙarfin da aka saita, daga santimita 9 zuwa 41 na ruwa. Mun ɗauki tsarin da Bernie Bissett ta gwada a Kanbera ta Ostireliya, aka wallafa a 2016, a kan mutanen da suka yi mako guda ko fiye a kan inji: rabin iyakar ƙarfin zuƙar mutum, numfashi shida, a huta, a maimaita sau biyar. Mu muka ce ya yi safe da yamma. Muka saita masa 19, muka gargaɗe shi ya dakata in ya ji jiri ko ciwon ƙirji, bayan mun tabbatar ba shi da fashewar huhu ko hujewar dodon kunne, waɗanda ke hana wannan atisaye.

Malam mutum ne mai riƙon alkawari. Ya sami littafin awon ɗinki yana rubuta kowane zama, bai tsallake ko ɗaya ba. A mako na biyu ƙarfin zuƙa ya kai 44, na ƙara sifirin zuwa 22. A na uku ya kai 49, na kai shi 25. Na rubuta a fayil cewa yana samun ci gaba.

Uwargidansa ce ta biyo shi a ziyarar mako na uku, ta ce, "Likita, har yau fa a kujera yake kwana. Yanzu ma wuya ne da kafaɗa suka ƙaru, kullum sai na shafa masa man zafi." Shi ma ya amsa cewa bayan kowane zama kansa kan yi nauyi, sujada kuma tana nan yadda take. Muka koma ɗakin sikanin. Kauri a hutu 1.6, a cikar ƙirji 1.9. Sauka a numfashi mai zurfi santimita 3.0. Mako uku na aiki tuƙuru, ƙarfin zuƙa ya ƙaru da 11, tantanin kuwa bai gusa ba.

## Ranar da muka duba shi yana cikin atisaye: ƙarshen Janairu

Duk awon da muka yi a baya yana hutawa muka yi shi. A ranar na ce ɗansa ya ciro robar daga jaka, Malam ya zauna yadda yake zama a gida, ya yi zamansa na atisaye, ni kuma ina riƙe da kan na'ura a gefen ƙirjinsa.

Ko ba na'ura akwai abin gani. Da ya kama robar a baki sai kafaɗu suka tashi har kusa da kunne, jijiyoyin wuya suka miƙe kamar igiya, haɓa ta ɗaga, ramin da ke saman ƙashin ƙirji ya lotsa. Cikinsa, maimakon ya taso, shigewa yake. A allo, a nauyin 25, layukan biyu daga 1.6 zuwa 1.7 kawai suka buɗa. Na sauya kan na'ura na leƙa ta ƙarƙashin haƙarƙari. A numfashi biyun farko tantanin ya ɗan sauko. A na biyar da na shida, da gajiya ta zo, sama ya riƙa tafiya a lokacin shaƙa, domin naman wuya da na saman ƙirji suna zuƙa da ƙarfin da ya fi nasa, suna janye shi cikin ƙirji kamar labulen da iska ta ja ta taga. Sifirin ɗin yana buɗewa, iska na wucewa, littafin ɗinki na cika da alamar an yi, amma ba naman da muke nema ke ɗaukar kayan ba.

Na juya allon ya fuskance shi. Muka ɗaga kan gado ya kishingiɗa a tsakanin zama da kwanciya, muka sa filo ƙarƙashin gwiwoyi, na maida sifirin zuwa 12.

"Malam, ka ga layukan nan biyu farare? Abin da ke tsakaninsu shi ne naman da ya rame. So muke ya kumbura. Bismillah, ja."

Ya ja, kafaɗa ta tashi. Ya ƙura wa allon ido ya ce, "Ai bai motsa ba."

Na ce ya ɗora hannu a cibiya ya turo shi waje. Ya gwada, ya turo ciki ba tare da iska ta shiga ba, wanda kuskure ne da ake yawan yi. Na kawo misalin zugazugin maƙeri, bai shiga ba. Muka yi kusan minti goma a haka, har ya fara gajiya. Sai na tuna sana'arsa ta biyu.

"Malam, in za ka ɗaga kabbarar farko a kiran Asuba, wane irin numfashi kake ja?"

Ya yi shiru, ya rufe ido, ya saki kafaɗa. Ya ja a hankali, gefen haƙarƙarinsa ya buɗe a ƙarƙashin hannuna, ciki ya taso. Ɗansa ne ya fara magana: "Baba, buɗe ido ka gani." Layukan sun rabu, na tsayar da hoton na auna, milimita 2.1. Ƙarin kashi 31 ke nan, abin da bai taɓa ba mu ba ko da babu roba a bakinsa. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe yana nan."

Daga nan muka bi nauyin mataki-mataki da wannan salon numfashi. A 12 ya kai 2.1 har ƙarshen zama. A 15 ma haka, kodayake numfashi na shida da ƙyar. A 18 ya riƙe numfashi uku, a na huɗu kafaɗa ta dawo, kauri ya faɗi zuwa 1.8. Muka tsaya a 15, kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin zuƙarsa, ragin 10 daga inda na kai shi. Abu ɗaya da muka kiyaye: kaurin tantani yana bin ƙoƙari, yana kuma bin yawan iskar da ta shiga, saboda haka kowane awo a kishingiɗe ɗaya muka riƙa yinsa, da umarni ɗaya, a numfashi mai tsawo iri ɗaya.

Sabuwar doka ta zama cewa ba za a ƙara sifirin don ƙarfin zuƙa ya hau ba. Za a ƙara 2 ne kawai in sikanin ya nuna tantanin yana ƙara kaurin kashi 30 ko fiye a numfashin ƙarshe na zagaye na biyar. A gida babu allo, sai muka ba ɗansa aiki: ya tsaya a baya ya ɗora tafin hannu a kafaɗun mahaifinsa, da ya ji sun taso a dakata a huta. Mun haɗa masa da tattaki bayan La'asar, daga ƙofar gida zuwa bakin titi, da ƙarin ƙwai, wake da nono a abinci, domin nama ba ya ginuwa da koko kaɗai.

## Mako na 4 zuwa na 8: Fabrairu

Ciwon wuya ya tafi cikin kwana biyar. Sifirin ya hau 17, sannan 19. A mako na biyar ya koma gado da filo biyu.

Abubuwa biyu suka kawo tsaiko. Na farko daga gare mu ne. A mako na biyar ba na nan, wani abokin aiki ya yi awon, ya rubuta kauri a hutu milimita 2.2. Murna ta kama kowa, sai dai nama ba ya ƙaruwa da fiye da kashi ɗaya cikin uku a mako guda. Da muka sake tare, sai muka gane ya ɗora na'urar haƙarƙari ɗaya ƙasa da inda nake ɗorawa, inda tantanin dama ya fi kauri. Ainihin awon 1.7 ne. Abin da ake aunawa bai kai kaurin tsinken ashana ba, kuskuren milimita 0.1 kaɗai yana sauya lissafi da kusan kashi 6. Daga ranar muka riƙa ƙirga haƙarƙari daga sama, mu sa alama da biro a fata, mu ɗauki hoton wurin a ajiye a fayil, kowane awo kuma sau uku a ɗauki matsakaici.

Na biyu mura ce a mako na shida, bayan wata ƙura da ta rufe gari kwana uku. Muka dakatar da atisaye kwana biyar, muka dawo a 17. Da na buɗe robar na tarar ƙura ta taru a jikin sifirin har yana makalewa. Aka koma wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, a shanya a ɗaki, a ajiye cikin leda.

A ƙarshen mako na takwas sifirin yana 23. Kauri a hutu 1.8, a cikar ƙirji 2.5, ƙarin kashi 39. Sauka a numfashi mai zurfi santimita 4.2, ƙarfin zuƙa 62. Ya fara ruku'u a tsaye, sujada kuma yana yi a sallolin rana, in ciki ba a cike yake ba.

## Mako na 9 zuwa na 12: azumi

Azumi ya kama a farkon Maris. Ya ce zai yi, likitansa ya duba hawan jininsa ya amince. A makon farko ya riƙa atisayen yamma da zarar an sha ruwa, ciki cike da kunu da ƙosai, ya dawo yana cewa robar ta ƙara tauri. Robar ba ta sauya ba. Mun duba shi da sikanin da rana, ciki babu komai, tantanin yana aikinsa daidai. Cikakken tumbi ne ke tokare shi daga ƙasa. Muka maida zaman farko zuwa hantsi, bayan abincin sahur ya faɗa, na biyu bayan an idar da asham. Mako biyu ba mu ƙara nauyi ba, sannan muka ci gaba zuwa 25 da 27.

Awon ƙarshen mako na 12, a ƙarshen Maris: kauri a hutu milimita 2.0, a cikar ƙirji 3.0, ƙarin kashi 50. Sauka santimita 1.6 a numfashin hutu, 5.1 a mai zurfi. Ƙarfin zuƙa 74. Iskar da yake hurowa lita 3.0 a zaune, 2.6 a kwance, ragin kashi 13. Oksijin a kwance 95. Tafiyar minti shida mita 410 ba tsayawa. Sautin "aaa" daƙiƙa 16. Yana kwana da filo ɗaya, yana sujada a duk salloli biyar, asham dai rabi a tsaye rabi a zaune. A goman ƙarshe ya karɓi kiran Azahar da La'asar, ya bar wa matashin Asuba, ya ce ba ya so murya ta tsinke masa jama'a na sahur. Ya koma shago rabin yini.

## Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina mako ukun farko ba su amfani tantanin ba, kuma saitin da na yi ne sanadi. Awon ƙarfin zuƙa jimillar duk naman da ke jan iska yake bayarwa, na wuya, na tsakanin haƙarƙari da tantanin, ba ya rarrabe wa. Mutum kuma yana ƙwarewa a gwajin kansa in ana maimaita masa. Hawa daga 38 zuwa 49 gaskiya ne, amma ƙarfin wuya da sabo ne suka kawo shi. Ni kuma ina bin wannan lamba ina ƙara sifirin, kowane ƙari yana daɗa ture aikin daga naman da ya rame zuwa waɗanda suka fi shi ƙarfi. Tsarin rabin ƙarfi ba shi da laifi, an gwada shi ya amfani mutane. Ga wannan mutum, da ya yi wata guda yana numfashi da kafaɗa, ya yi nauyi a matsayin mafari.

Sikanin bai warkar da komai ba. Abin da ya yi guda uku ne, kuma ba daidai suke a muhimmanci ba. Ya tabbatar tun farko cewa tantanin yana motsi, wanda ya ba mu dalilin yin atisayen. Da shanyewa ce ta jijiya, da bincike daban za a nema. Ya nuna mana nauyin da tantanin ke iya ɗauka da inda yake sakin kaya. Mafi girma, Malam ya ga naman da idonsa. Minti goma ina bayani da baki bai kai inda kallo ɗaya ya kai ba, bayan ya nemo numfashin da jikinsa ya riga ya sani shekara ashirin. Alamomin suna bayyane a kafaɗa da ciki tun makon farko, da na zauna na kalli zama guda daga farko har ƙarshe da na gan su ko ba na'ura. Wannan ya dace a faɗa, saboda yawancin asibitocinmu na ƙananan hukumomi ba za su sami aron sikanin duk mako ba, amma kowa yana da ido da tafin hannu.

Wani kaso na sauƙin na lokaci ne, domin naman da ya rame a kan inji yakan farfaɗo da kansa a hankali, kuma tattaki da abinci sun taimaka. Abin da ke sa ni jingina babban kaso ga sauyin salo shi ne tsarin lokacin: mako bakwai bayan sallama tantanin na tsaye a wuri ɗaya, ya fara ƙaruwa a makonnin da suka biyo bayan rage nauyi da gyara numfashi. Mutum ɗaya ne, kuma awon yana bin hannun mai aunawa, kamar yadda mako na biyar ya nuna.

Ƙarfin zuƙarsa bai kai 80 ba tukuna, hawa bene mai hawa biyu yana sa shi haki, kuma ƙarfin da aka samu da atisaye yakan zube in aka daina. Mun bar shi a kan zama ɗaya a rana, kwana uku a mako, a nauyin 27. A sashenmu yanzu duk wanda za a ba robar nan sai an duba tantaninsa yana cikin zuƙa kafin a saita masa lamba, kuma mun nemi a ware mana ɗakin sikanin duk Laraba bayan Azahar. Malam zai dawo awo bayan wata uku, da littafin ɗinkinsa da hoton alamar biro a gefen ƙirjinsa.